Sunan da Inna Ba Ta Kira Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Yanzu ma sai in yi ta neman carbina, jikoki suna yi mini dariya, alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai wata rana guda a ƙarshen wata damina, ina yarinya a ƙauyenmu, wadda na tabbata ko komai zai zube daga kaina ita za ta rage. Ita ce ranar da jinga ta ɓalle. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba, kuma ba don ruwan ba, don wata kalma guda da ta maƙale a bakin mahaifiyata.

Ƙauyenmu yana cikin fadamar kogin Haɗeja, ta wajen Auyo. Ruwa ne yake tsara mana shekara. Da rani sai kogi ya janye ya bar tafkuna, maza su shiga su, kowa ya kifa cikinsa a kan ƙaton gora yana yawo a kan ruwa da homarsa, mu kuma mata mu yi ta bandar kifi har zannuwanmu su ɗauki warin hayaƙi. Da damina ruwa ya dawo ya cika fadama, shinkafa ta yi ta binsa tana ƙara tsawo. Tsakanin gari da kogi akwai jinga, wani dogon tudun ƙasa da kakanninmu suka tara don ya tare ruwa, kowace shekara ana ƙara masa ƙasa. A kanta muke wasa muna yara. Ban taɓa tunanin abu ne da zai iya faɗuwa ba.

Gidanmu ba babba ba ne. Akwai Baba, da Inna, da kakarmu mahaifiyar Baba wadda muke ce wa Iya, sai yayana, sai ni. An haifi wasu tsakanina da shi amma ba su zauna ba, shi ya sa ya ba ni tazara sosai. Lokacin da nake ba da labarin nan ya zama cikakken saurayi, dogo, baƙi, mai yawan dariya, har an fara maganar a kafa masa ɗaki bayan kaka.

Shi ne ɗan farin Inna. Yaran yanzu ba lalle su gane abin da wannan yake nufi a wancan zamani ba. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi. Da aka yaye Yaya, ɗakin Iya aka kai shi, can ya girma, duk da cewa tsakar gida ɗaya muke. Idan Inna za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko ta ce da ni "yayanki". Akwai wani yaron maƙwabta da aka sa wa suna irin nasa, shi ma bai tsira ba, "mai sunan mutane" take ce masa. A garinmu kuwa ana ganin ƙimar mace gwargwadon yadda ta riƙe wannan kunyar, kuma kowa ya yarda babu wadda ta kai Inna. Mata sukan kafa misali da ita idan suna yi wa amare faɗa.

Shi ma Yaya yana da nasa rabon kunyar. Idan suka haɗu a hanyar gona sai ya ratse cikin gero ya sunkuyar da kai har ta wuce. A gaban abokansa ko kallon inda take ba ya yi. Amma a cikin gida, in babu baƙo, ya iya tsokana. Na tuna wata rana ya kamo wata ƙatuwar tarwaɗa, ya zo ya rataye ta a bakin madafi, Inna tana daka. Ya ɗaga murya yadda za ta ji, ya ce da ni, "Ke, tambayi Inna ko ta san wanda ya kamo wannan."

Inna ba ta ɗago daga turmi ba. Ta ce, "Ki ce wa mai tambaya kifi dai kifi ne, ko wa ya kamo shi."

Ya ce in ce mata masunta sun yi yawa a garin nan, kada ladan ya tafi wurin wani, gara ta faɗi suna. Iya tana zaune tana saƙar tabarma ta wurgo masa guntun kaba, ta ce ya fita ya ba mutane wuri, marar ta ido, tun yana cikin zani yake neman ya ɓata mata suruka. Ya fita yana dariya. Na ga gefen bakin Inna yana motsi, ta yi sauri ta juya baya.

Ni yarinya ce mai lura, kuma ni ce 'yar aike tsakaninsu, don haka na ga abin da sauran mutane ba su gani ba. Da aka dafa kifin nan, tsakiyarsa mai tsoka Inna ta tura can ƙasan akushi, ta rufe da miya, ta miƙo mini ta ce, "Kai wa wancan." Kullum haka take yi. Idan ya ɗauki gora zai tafi kogi, takan sami wani aiki a jikin zanan da ya kewaye gida, inda akwai wata 'yar kafa da ake hango hanya, ta tsaya tana gyara abin da bai lalace ba har ya ɓace. Idan ya yi zazzaɓi ita take dafa magani ta ba Iya, ta ce kada a ce daga ina ya fito. A sujada kuwa na sha jin tana daɗewa, tana cewa Allah Ya tsare mata "wanda Ka sani". Ko a gaban Ubangijinta ba ta faɗin sunan.

A shekarar da abin ya faru na gama firamare, sunana ya fito a makarantar sakandaren 'yan mata. Baba ya yi ta jan ƙafa, Yaya ne ya dame shi har ya yarda. Ya ce da zarar ruwa ya janye shi zai ɗauki akwatina a ka, ya tsallaka da ni, ya kai ni har Haɗeja ya sa ni a mota. Yakan ce in na zama malama in dawo in koya wa Inna faɗin sunaye, tunda akwai guda ɗaya da ya gagare ta.

Daminar ta zo da ƙarfi. Tsofaffi suka ce rabon da su ga irinta tun suna yara. Kogi ya yi toroƙo, ya shanye shinkafar da ke kusa da shi har ba a ganin kanta, ya zo ya jingina da jinga yana lasar bakinta. Masu jirgi da suka zo daga yamma suka ce abin da ke tafe ya fi wanda ya iso. Mai gari ya sa aka yi shela, duk namiji mai ƙarfi ya fito gayyar jinga. Tun bayan sallar asuba ake fita da kwanduna da fatanyu, wasu na haƙa, wasu na ɗauka, wasu na kafa turaku suna jingina zana don ƙasa ta sami abin kamawa. Aka kawo mai gangar noma yana yi musu kiɗa don kada jiki ya mutu. Mata kuma aikinmu kai abinci.

Ran nan, da hantsi ya ɗaga, muka fito, Inna da ƙwaryar kunun tsamiya a ka, ni ina biye da ludaya. Gari ya yi luf, babu iska, rana tana cizo ta cikin gajimare. Muka hau jinga ta wajen wata tsohuwar tsamiya inda ta yi kwana, wurin ya fi ko'ina tudu. Yawancin maza suna can gaba inda ganga take. A ƙasa kuma, ta ɓangaren gari, akwai samari masu yawa a gindin jinga, inda aka ce ruwa yana tsattsafowa tun jiya. Yaya yana cikinsu. Ya durƙusa cikin taɓo ya riƙe turke da hannu biyu, wani abokinsa yana bugawa. Bayansa yana ga jinga.

Inna ta tsaya cak har na yi karo da ita. Na bi inda take kallo. A saman jingar, daidai kan samarin nan, ƙasa ta tsage. Tsagar tana tafiya a hankali kamar ana yaga tsohon zani, tana buɗe baki, ruwa mai launin kunu yana leƙowa ta ciki. Waɗanda ke ƙasa ba za su iya ganinta ba. Waɗanda ke sama sun yi nisa. Mu biyu ne kawai a wurin da ake gani.

Ƙwaryar ta faɗi daga kan Inna. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ran nan. Ta ce, "Kai! Kai yaro!"

Samari da yawa suka ɗago, don kowannensu yaro ne, kowannensu kai ne. Da suka ga ko wace ce, sai suka mai da kai ƙasa saboda ladabi, uwar abokinsu ce. Na ga mai bugun turken ya taɓa kafaɗar Yaya ya ce masa wani abu. Yaya bai juyo ba. Sai ma ya ƙara sunkuyar da kai.

Inna ta damƙi hannuna, faratanta suka shiga naman. Na ɗaga kai na dubi fuskarta, kuma abin da na gani shi ne abin da ya hana ni mantuwa. Bakinta ya buɗe. Leɓɓanta sun shirya harafin farko na sunan, na gan shi ƙuru-ƙuru. Wuyanta ya kumbura kamar mai haɗiyar abu mai zafi. Amma babu abin da ya fito. Harshen da aka yi shekara da shekaru ana horar da shi kada ya faɗi kalmar nan, ya ƙi faɗinta. Ta girgiza ni ta ce, "Kira shi. Kira shi mana." Na ƙwala iya ƙarfina na ce Yaya, amma muryata ƙarama ce, ganga tana tashi, kuma rabin samarin wurin yayyen wasu ne.

Duk wannan bai kai tsawon karanta Ƙulhuwallahu ba. Sai jingar ta zabtare.

Ban ji ƙara mai yawa ba, wani irin nishi ƙasar ta yi, sannan ruwa ya biyo baya. Waɗanda suke gefe suka watse da gudu. Waɗanda suke tsakiya ƙasa ta danne su, ruwa ya kwashe su ya yi cikin kwarin da ke bayan gari, inda aka daɗe ana ɗibar ƙasar jinga har ya zama rami mai zurfi. Ganga ta yi shiru. Maza suka yi ta faɗawa ruwa, masu gora suka bi. Aka tsamo wannan, aka tsamo wancan, ana juya su suna aman ruwa. Aka tsamo mai bugun turken da karyayyen hannu. Aka yi ta kiran sunan Yaya, maza manya da ƙananan yara, kowa yana kira, har sunan ya cika fadama. Mutum ɗaya ce kawai ba ta kira ba. Tana tsaye a gindin tsamiya, kunu ya jiƙa mata ƙafa, hannuna yana cikin nata.

Ba a ba mu lokacin kuka ba. Kafin la'asar ruwa ya shiga gari. Gidajenmu na ƙasa ne, sai suka riƙa jiƙewa daga gindi suna durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Rumbunmu ya kife a kan idonmu da sauran geron bara a ciki. Aka riƙa kwashe mu a jirage, tsofaffi da yara da awaki, zuwa wata jigawa da ke arewa da gari. Iya ta ƙi shiga jirgi, ta ce ba za ta tafi ta bar shi cikin ruwa ba, sai da Baba ya ɗauke ta cak kamar yarinya. A jigawar muka kafa bukkoki da abin da ya samu. Sauro, da zazzaɓi, da yunwa, da kukan yara. Ba gidanmu kaɗai aka yi rashi a daminar nan ba, zazzaɓi ya ɗauki ƙananan yara a bukkokin nan fiye da wanda ruwa ya ɗauka.

Masunta ba su daina neman Yaya ba. Bayan kwanaki suka same shi can ƙasa, ya sarƙe a saiwar wata bishiyar giyayya. Ba a bar mata sun gan shi ba. Maƙabartarmu tana ƙarƙashin ruwa, don haka aka sa shi a jirgi aka kai shi wani ƙauye na kan tudu aka rufe. Baba ya dawo da yamma ƙafafunsa duk taɓo, ya zauna a bakin bukka, yana ta salati.

Iya ta yi kuka har muryarta ta dushe, don ita an yarda ta yi, ɗan ɗakinta ne. Ni ma na yi. Inna kuwa ta ɗaura ɗankwali ta hura wuta, ta dama kunu da ɗan garin da aka taimaka mana da shi, tana miƙa wa masu zuwa ta'aziyya. Idan aka yi mata gaisuwa sai ta ce a yi wa Iya, ita ce ta yi rashi. Ina ji mata suna raɗa, suna cewa kun ga mace mai kara, ko ɗigon hawaye babu. Suna yabonta. Ni kuwa da nake kwana a bayanta na san ba ta barci, kuma na san abincin da take zubawa kanta ni take tura wa.

Ana cikin zaman makokin ne abokin nan na Yaya, mai bugun turke, ya zo, hannunsa ɗaure da karan ɗori. Ya durƙusa a gaban Iya yana kuka. Yaro ne, bai san abin da ya kamata a faɗa da wanda ya kamata a bari ba, kuma bai san Inna tana bayan zana tana wanke ƙore ba. Ya ce shi ya ji muryar, har ya taɓa Yaya ya ce masa ga Innarka can tana magana. Iya ta tambaye shi me Yaya ya ce. Yaron ya goge hanci ya ce, "Murmushi ya yi. Ya ce kunu ta kawo, ba da ni take ba. Ai Inna ba ta kirana."

Ƙarar wanke-wanken ta tsaya. Na zagaya bayan zanan. Inna tana tsugune, hannayenta biyu cikin ruwan wanki, idonta a buɗe yana kallon ƙasa. Na tsaya ina jira ta yi kuka, ko ta faɗi, ko ta ce wani abu. Can sai ta ɗauki wata ƙwaryar ta ci gaba da wankewa.

Ruwa ya janye kamar yadda ya saba. Muka koma muka tarar da tudun laka a inda ɗakunanmu suke, aka sake gini. Na tafi makaranta a makare, wani ƙanen Baba ne ya ɗaukar mini akwati. A makaranta, duk safiya idan malama tana kiran suna muna amsawa, sai in tuna da ranar jinga. Ga suna ana ta kiransa a banza, don kawai a san ka zo.

Da na dawo hutun rani na tarar Inna ta rame, ta yi baƙi, amma tana aikinta yadda ta saba. Abu ɗaya na lura, ta daina cin kifi. A garin da kifi ne miyar kowa, ita sai ta ci tuwonta da kuka tsura. Kuma har yanzu takan je jikin zanan nan mai kafa, wanda aka sake kafawa, ta tsaya tana gyara shi.

Wata rana da hantsi muka tafi wanki wani tafki da ya rage a kwarin bayan gari, daf da inda aka ɗinke jingar da sabuwar ƙasa. Babu kowa sai balbelu. Ta ba ni kayan da muka wanke ta ce in kai can kan ciyawa in shanya. Na yi nisa kaɗan, na shanya, na dawo ta bayanta ba ta ji tafiyata ba. Sai na ji ana kiran sunan Yaya.

Na tsaya, don ban taɓa jin muryar nan tana kiran sunan nan ba. Inna ce. Tana durƙushe a bakin ruwa, ta fuskanci jinga. Na farkon ya fito a karkace, kamar yadda baƙo yake faɗin kalmar da ba ta harshensu ba. Ta sake. Ta sake. A hankali take faɗa, ba da ƙarfi ba, irin kiran da ake yi wa yaron da ke cikin ɗaki a ce ya fito ya ci abinci. Tana faɗa tana saurarawa, kamar mai ba shi lokacin amsawa.

Ta juyo ta gan ni. Na zaci za ta ji kunya ta kama wanki. Ba ta yi ba. Fuskarta jiƙe take sharkaf, karo na farko da na ga hawayenta tun ranar. Ta dube ni kamar sa'arta, ta ce, "Ashe ba shi da nauyi."

Ta ce, "Shekara da shekaru ina jinsa kamar dutsen niƙa a bakina. Dubi, ko numfashi guda bai cinye ba."

Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata abin da aka koya mini, wanda kuma na yi imani da shi har gobe. Na ce Inna, kwanansa ne ya ƙare, ko duk garin nan sun kira shi ba zai wuce ranarsa ba. Ta gyaɗa kai. Ta ce ta sani, ba ta taɓa jayayya da hukuncin Allah ba, kuma ba ta ce kiranta zai tare ajali ba.

"Amma da ya tafi ya san da shi nake," in ji ta.

Muka ƙarasa wankin muka koma gida, kuma ba ta sake faɗin sunan a gaban kowa ba, har tsawon shekaru. Na taɓa tambayar wani malami a makarantarmu ko addini ne ya hana uwa kiran ɗanta na fari. Ya ce a'a, al'ada ce kawai, babu zunubi ga wadda ta yi, babu ga wadda ta bari. Na daɗe ina juya maganar, in faɗa wa Inna ko in bari. Daga baya na bari. Na ga kamar zan ƙara mata wani dutsen ne.

Bayan na gama makaranta aka yi mini aure a cikin Haɗeja. Da ciki ya tsufa na koma gida haihuwa, Allah Ya ba ni ɗa namiji. Maigidana, Allah Ya ji ƙansa, ya san labarin, ban roƙe shi ba, amma ranar suna sai aka shigo aka ce an mai da sunan yayana. Gwaggonnina suka fara shawarar laƙabin da za a riƙa kiransa da shi, tunda ni ba zan faɗa ba saboda ɗan fari ne, Inna ma ba za ta faɗa ba. Ɗaki cike da mata. Na karɓi yaron na ɗora a cinya, na dube shi na kira sunansa a fili.

Wata gwaggona ta tafa hannu ta ce to, ga abin da boko ya jawo mana, 'yar mai kara guda ta zubar da kunya a gaban surukai. Ta juya wajen Inna tana jira ta tsawata mini. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta ajiye faifan, ta ce, "Ku ƙyale ta ta kira abinta." Sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta shi. Ta rungume shi, ta kai bakinta kusa da kunnensa, ta faɗi sunan yadda kowa ya ji. Iya, wadda a lokacin ido ya tafi, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Daga ranar har ta bar duniya, Inna ba ta gaji da sunan nan ba. Idan muka je ƙauye, tun daga safe take kiran yaron. Ya zo da gudu ya ce ga ni, ta ce babu komai, je ka yi wasanka. Can an jima ta sake kira. Har ya fara ƙorafi yana ce mini kakarsa tana kiransa ba ta aikensa ko'ina. Mutanen gari suka ce tsufa ne ya fara taɓa ta, matar da ake kafa misali da ita ta lalace. Ni na san lafiyarta ƙalau. Amma ba zan ce ta warke ba. Kifi dai ba ta ƙara ci ba, kuma ko sau ɗaya ba ta je ƙauyen da aka rufe shi ba, ta ce ba ta da fuskar da za ta tsaya a kansa. Duk kiran da ta yi, wanda take so ya ji bai ji ba.

Yau ɗan nawa ya yi furfura a gemu, yana da nasa 'ya'yan. Har yanzu da sunansa nake kiransa, a gaban matarsa, a gaban abokansa, a waya ma in ya ɗauka da shi nake farawa. Wasu tsofaffin 'yan uwana har gobe suna ganin baƙina a kan haka. Ban raina kunya ba, da ita aka rene ni, kuma na san Inna ba ta yi don rashin so ba, son ne ma ya yi mata yawa. Sai dai ran nan a kan jinga na koyi cewa son da aka ɓoye a ƙasan akushi, wanda aka yi dominsa yana iya tafiya bai san da shi ba. Duk wanda kake ƙauna, ka saba wa bakinka da kiransa tun ana zaune lafiya, shi ma kunnensa ya saba da amsawa, don ranar da ƙasa za ta tsage babu lokacin koyo.

Allah Ya ji ƙan Inna, Ya ji ƙan Yaya. A kowace salla ina roƙon Ya haɗa su a inda za ta kira shi, ya juyo.